YERWA DA ALMURU: INA MAGIDANCI ZAI ZAUNAR DA IYALINSA SU CI ABINCI?

Duk wanda ya taɓa yin bikin Sallah a Maiduguri ya san cewa ranar hawan idi ta manya ce, amma kashegari da wanshekarensa na yara ne. Tun da hantsi za ka ga an jero su a ƙofar gida, 'yan maza da sababbin huluna zanna, 'yan mata hannuwa sun sha lalle, ƙamshin turaren wuta da humra yana tashi daga tufafinsu, kowa yana jiran maigida ya cika alkawarin da ya ɗauka tun cikin azumi, watau na kai su yawon buɗe ido.

A Maisandari ma haka abin yake. Ita dai Maisandari ɗaya ce daga cikin gundumomi 15 na ƙaramar hukumar birnin Maiduguri, kuma ba ta cikin tsofaffin unguwanni irin su Shehuri da Limanti da Hausari waɗanda suka kewaye fadar Shehu tun bayan kafa Yerwa a 1907. Can waje take, inda gari ya yi ta buɗewa ta wajen hanyar Damboa. A nan ne za ka tarar da ma'aikacin gwamnati yana maƙwabtaka da ɗan kasuwa, Babarbare da Bahaushe da Babur da Shuwa da Marghi, ga kuma iyalai masu yawa da tashin hankali ya koro daga garuruwansu suka zo suka raɓe.

Shekara da shekaru babban wurin zuwan yaran garin shi ne gidan dabbobi na Sanda Kyarimi da ke kan titin Shehu Laminu, wanda aka kafa a 1970, aka sa masa sunan Shehu Umar Sanda Kyarimi da ya riƙe sarautar Borno daga 1937 zuwa 1967. Iyayen yau da yawa a can suka fara ganin giwa da zaki da jimina ido da ido. Cikin watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya shigo gari kamar yadda ya taɓa yi a 1994, hukumomin gidan kuwa suka ba da sanarwa cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na dabbobin sun salwanta. Amma ruwa bai tafi da al'adar fita ba. Ko inuwar darbejiya aka nufa, ko wuraren wasan yara masu lilo da shillo, idan rana ta yi sanyi magana guda ce take tasowa, ita ce ta ciki.

A ƙasar Amurka akwai wani ƙasaitaccen wurin wasa da ake kira Disney World a jihar Florida, wanda aka buɗe a 1971, watau tsakaninsa da gidan dabbobin Maiduguri shekara ɗaya ce kacal. A can magidanci yakan kama teburin cin abincin dare tun saura kwana 60 ya iso da iyalinsa. A Yerwa ba a san wannan ba. Nan a tsaye ake yanke shawara, a bakin ƙofa, ƙaramin yaro yana kuka a bayan uwarsa, masu Keke Napep suna ta kira, ladan kuma yana gyaran murya.

Bari a ɗauki wani magidanci na Maisandari a matsayin misali, irin wanda ake gani ko'ina a wannan rana. Yana tare da uwargidansa, da 'ya'ya biyar, da ƙanwar matarsa, da kuma mahaifiyarsa wadda jikoki suka matsa wa lamba sai da ta biyo su. Mutum tara ke nan, aljihu kuwa guda ɗaya, wanda ɗinkin Sallah ya riga ya tatse. Hanyoyi uku ne a gabansa.

Ta farko ita ce ta iyaye da kakanni, watau a taho da abinci daga gida cikin kula, a shimfiɗa tabarma a gindin itace. Wannan ita ce mafi sauƙin kuɗi, ita ce kuma ta fi kwanta wa tsohuwa a rai, domin burabusko da miyar yakuwa da ta san hannun da ya dafa sun fi mata duk wani abin da za a kawo cikin tangaran. Sai dai kuma wadda ta dafa ɗin ita ce uwargida, wadda tun jajibere take tsaye a bakin murhu. Idan har a ranar hutu ma ita za ta tuƙa, ta ɗauko, ta raba, ta koma ta wanke, to, kowa ya yi yawon Sallah ban da ita.

Ta biyu ita ce bakin titi. A nan kam Maiduguri ba ta da abin kunya. Ga masu tsire da balangu suna fifita wuta, ga masu gasa kifi da kaji, ga mai shayi ya jera gwangwanayen madara kamar ginin bene. Garin da kasuwar kifi ta hanyar Baga take ciyar da sassan Nijeriya da dama da banda ba ya rasa abin ɗorawa a kan garwashi. To, amma bencin mai tsire majalisar maza ce. Ba a saba ganin matar aure ta zauna a kansa ba, balle dattijuwa. Abin da akan yi shi ne a naɗe cikin takarda a tafi da shi gida, ka ga kuwa an koma gidan jiya, zaman da yara suke ɗoki bai samu ba.

Ta uku ita ce gidan abinci mai tebur da kujeru, inda za a zauna a kawo wa kowa abin da ya zaɓa. Irin waɗannan gidaje sun yawaita a manyan titunan garin, musamman tun da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji suka cika Maiduguri. Nan ne idon yara yake.

“Baba, mu je mai fitilun nan, inda ake ba da kaza da dankali.”

“Ku bari mu ji ta bakin Hajiya tukuna.”

“Ni fa, Malam, ban iya cin abinci a bainar jama'a ba. Ku kai ni gida, ku dawo.”

Maganar tsohuwa ba rigima ba ce. A gidan Bahaushe da na Babarbare maza da akushinsu, mata da nasu, yara da nasu, kuma cin abinci a idon baƙi abu ne da ake ƙyama tun fil azal. Wanda ya ƙera teburin gidan abinci bai san da surukuta ba. Idan aka zaunar da uwargida tana fuskantar uwar mijinta, sai dai ta yi ta juya cokali a cikin shinkafa har a tashi, maigida ya biya kuɗin abincin da ba a ci ba. Saboda haka abu na farko da mai hankali yake dubawa ba takardar jerin abinci ba ce, fasalin ɗakin ne. Akwai lungu ko keɓaɓɓen wuri na iyali? Za a iya raba tebur biyu, tsohuwa da ɗanta da manyan jikoki a ɗaya, uwargida da ƙanwarta da ƙanana a ɗaya? Wurin da ya tanadi darduma a ƙasa kuwa ya gama da zuciyar Hajiya tun kafin a kawo ruwan wanke hannu.

Abu na biyu shi ne salla. Lokacin da yunwa take kama yara shi ne daidai lokacin Magariba, don haka gidan abincin da ba shi da buta da wurin da mata za su yi salla a tsanake ya rage wa kansa daraja, kome sanyin na'urarsa.

Na uku shi ne ruwa da tsabta. Borno ta sha fama da cutar kwalara, ta baya-bayan nan da aka fi tunawa ita ce wadda ta biyo bayan ambaliyar 2024. Uwar da ta ga wannan ba ta wasa da ƙanƙarar da ba ta san ruwanta ba, ko ganyen da aka yanka tun safe aka bar shi a buɗe. Abincin da aka sauke daga wuta a gaban idonka ya fi wanda ya yini cikin akwatin gilashi. Leƙa wurin wanke hannu kafin a zauna yakan gaya wa mutum halin da madafa take ciki.

Na huɗu shi ne kuɗi. Tambayar farashi kafin a zauna ba rowa ba ce, gudun jin kunya ne a gaban 'ya'ya. Da yawa sun gano cewa babban faranti biyu ko uku a tsakiya, a haɗa hannu kamar yadda aka saba a gida, ya fi arha da albarka bisa a ce kowane yaro da nasa, ya ci rabi ya ture. Mai neman abincin gargajiya kuwa, irin su ndaleyi da denderu, naman nan da ake turarawa a hankali har ya saki ƙashi, gara ya sani cewa gidan biki ne mazauninsu na asali. Idan ya yi sa'a ya tarar da su a gidan abinci, da sinasir da ardeb mai tsamiya, to, kada ya wuce.

Na biyar, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne lokacin komawa. Mutumin Kano ko Zariya zai yi mamakin yadda magidancin Yerwa yake yawan duban agogo yana cin abinci. Dalili kuwa a fili yake. Tun daga rikicin watan Yuli na 2009 garin nan ya yi shekaru yana kwana da wuri. An hana hawan babur a 2011. An kafa dokar ta-ɓaci a watan Mayu na 2013, aka katse layukan waya, dokar hana fita ta zama abokiyar zama, har akwai lokacin da wanda Magariba ta riska a waje sai dai ya kwana inda yake. A farkon 2021 aka lalata turakun lantarkin da suke kawo wuta ta hanyar Damaturu, gari ya daɗe cikin duhu, har aka buɗe tashar lantarki mai aiki da iskar gas a 2023. Yaron da aka haifa a waɗannan shekaru ya girma bai san ana zama a waje bayan Lisha don nishaɗi kawai ba. Har yanzu kuma mutanen garin ba su saki jiki gaba ɗaya ba, shi ya sa akan zaɓi wuri mai haske, a kan babban titi, kusa da gida, inda ba za a rasa keke biyu da za su kwashe mutum tara ba.

Shi dai magidancin namu, bayan ya auna wannan ya auna wancan, bai shiga mai fitilun da yara suka nuna ba. Ya sa aka juya zuwa wani matsakaicin wuri a hanyar gida, mai fili a baya da 'yar rumfa. Aka yi salla. Aka shimfiɗa wa Hajiya darduma, aka kawo mata tuwo da miyar kuka, yara suka sami kazarsu, uwargida kuma ta ja kujera can gefe tare da ƙanwarta, ta ci abincin da ba ita ta dafa ba, tana dariya. Tsohuwar da ta ce a kai ta gida ita ce ta ƙarshen wanke hannu.

“Malam, kuɗin nan dai sun yi yawa.”

“Hajiya, sau ɗaya ne a shekara.”

“To, Allah Ya maimaita mana.”

Ga masu gidajen abinci na Maiduguri, da hukumomin da suke kula da wuraren shaƙatawa, akwai abin lura a nan. Baƙon da ya zo aiki zai gama ya tafi, amma mai iyali yana nan kowace Sallah. Wanda ya tanadar masa lungun mata, da wurin salla, da ruwa mai tsabta, da farashin da aka rubuta ɓaro-ɓaro a bango, ya sami abokin ciniki har jikoki.

Allah Ya zaunar da Borno lafiya, Ya sa yaran Maisandari su saba da cin abincin dare a waje ba tare da iyayensu suna duban agogo ba, amin.