A Bar Wa Zoɓo Tsaminsa

A Babura na tashi, inda mahaifina ke shuka zoɓo a gefen gonar gero. Mahaifiyata kan jiƙa shi da citta da kanumfari, ta sa sukari kaɗan. Ja ne wur, ba ya nauyi a ciki. Tsaminsa ke wanke maiƙon tsire da na masa daga harshe, har mutum ya nemi ƙari.

Kwanan baya, a wata walima a Kazaure, aka miƙo mini wanda sukari da ƙamshin kanti suka kashe. Abin da ya dame ni shi ne, 'ya'yana sun ɗauka wannan ne zoɓo. Har Meziko ake kai busasshen zoɓonmu, mu kuwa muna binne ɗanɗanonsa. Iyayenmu mata, don Allah a rage sukari.