Firigon da ke “ɗan ja”

A gidajenmu akwai wata magana da muka saba da ita har ta daina ba mu tsoro. Sai ka ji uwar gida ta ce wa yaro: “Sa takalmi kafin ka buɗe firigon nan, yana ɗan ja.” Ko a ce ƙarfen guga yana ja, ko kwamfutar ofishin darakta tana cizo in ka taɓa bayanta. Mun mai da abin kamar halin akuya mai tunkuyi, wadda ake koya wa yara su kauce mata. Alhali ma’anar wannan “ja” ita ce kuran ya bar hanyarsa ya hau jikin ƙarfen na’urar, yana neman inda zai bi ya shiga ƙasa, kuma abin da ya samu shi ne ƙafar yaron. Wani lokaci ɗigowa ce ƴar kaɗan, wani lokaci kuwa robar waya ce ta fara cinyewa a ciki. Da hannu ba ka iya bambance su.

Gidanmu na gado yana Damagaram, kuma mahaifinmu, Allah ya jiƙan sa, ya sa masa wuta tun ina ƙaramin yaro. A wancan zamani abin da ake buƙata bai wuce ampul a kowane ɗaki ba, sai fanka ɗaya da rediyo. Piriz ɗin da aka kafa duk masu rami biyu ne, waya biyu ce a bayansu: mai kawo wuta da mai mayar da ita. Yau a cikin wannan gida akwai kwanjelatar biyu na matan yayyena masu sayar da ƙanƙara da zoɓo, ga tele, ga ƙarfen guga, ga cajar waya a kowace kusurwa, kuma duk a kan wayoyin nan na da. Yara goma sha ɗaya ke kwana a gidan. Su ne ake aika su ɗauko ƙanƙara in mai saye ya yi sallama, ba takalmi, a kan siminti mai laima.

Piriz irin na Faransa da muke amfani da shi a Nijar, in na zamani ne, yana da ramuka biyu da wani ɗan tsinken ƙarfe da ya leƙo waje. Wannan tsinke shi ne na ƙasa. A bayansa ya kamata a samu waya ta uku, mai launin kore da rawaya, wadda ta bi bango har ta kai ga wani sandan ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa. Shuɗiya ita ce mai mayar da wuta, mai kawowa kuma galibi ja ce ko ruwan ƙasa ko baƙa. Waya ta ukun ba ta aikin komai muddin lafiya lau ake. Ranar da kuran ya zubo kan jikin firigo, ita ce ke ba shi hanya mai sauƙi zuwa ƙasa kafin mutum ya taɓa.

Ƴan’uwana malamai, lissafin bai fi ƙarfin ɗan kwaleji ba. Wutarmu volt 220 ce. Jikin mutum mai gumi ko jiƙaƙƙen hannu, tsaye a ƙasa mai laima, turjiyarsa na iya sauka zuwa wajen om 1000. In ka raba 220 da 1000 za ka samu miliampa 220. To, daga wajen miliampa 10 ne hannu ke ƙanƙamewa mutum ya kasa saki, daga 30 numfashi ke fara wuya, in ya haura haka kuma zuciya ce ke rikicewa. Abin da ya sa firigo ke “ɗan ja” kawai a watan sanyi, lokacin da fata ta bushe kuma akwai takalmin roba a ƙafa, shi ne turjiyar tana da yawa. Firigon bai canza ba in damina ta zo, mai taɓa shi ne ya canza.

Da muka yanke shawarar gyara, mai gyaran wuta na farko da aka kawo mana ya ce aikin yini ɗaya ne: zai cire tsofaffin piriz ya sa sababbi masu tsinke. Na tambaye shi ina tsinken zai haɗu. Ya ce: “Mushe, ai sai in ɗaure shi da shuɗiyar waya daga baya, haka ake yi.” Wannan dabara ta fi barin tsohon piriz haɗari, kuma ina so iyaye su gane ta, domin daga waje ba a ganin komai sai sabon piriz fari tas. In shuɗiyar ta tsinke a wani wuri cikin bango, ko wani ya juya wayoyin a wurin wani gyara, to jikin kowace na’ura da ke jone ya zama mai wuta gaba ɗaya, ba tare da ita na’urar ta lalace ba. Akwai kuma masu sa sabon piriz su bar tsinken ba a haɗa shi da komai ba. Wannan ƙarya ce aka kafa a bango. Na uku su ne masu ɗaure waya a bututun pampo. Yawancin bututun yanzu na roba ne, in ma na ƙarfe ne to ka aika wutar ga mai alwala.

Na biyun da muka samu dattijo ne, bai yi saurin faɗin kuɗi ba. Sai da ya zagaya gidan, ya buɗe piriz huɗu, ya nuna mana inda ɓeraye da zafi suka cinye robar waya, ya kuma nuna mana tsohon akwatin fis inda wani, ba a san ko wane ne ba, ya maye gurbin fis ɗin da zaren tagulla mai kauri. Sannan ya faɗi abin da ya fi tsaya mini a rai, wato cewa a ƙasarmu sandan ƙasa shi kaɗai ba ya isa.

Dalilin yana cikin ƙasar kanta. Yashi busasshe ba ya ɗaukar wuta da kyau, dutse ma haka, kuma wanda ya san Damagaram ya san ba mu rasa ko ɗaya ba. Ƙa’idar Faransa da masu aikin wutarmu ke koyo da ita, NF C 15-100, tana neman kada turjiyar sandan ƙasa ta wuce om 100, kuma samun hakan a watan Afrilu ba wasa ba ne. Mu ɗauka ma an samu. Volt 220 a raba da 100 ya ba da ampa 2 da ɗan kai. Dijonktar mai ampa 16 ba zai ko motsa ba a kan wannan, domin a wurinsa kamar an kunna fanka ne da tele. Wutar za ta yi ta zuba, jikin firigon kuma bai rabu da haɗari ba.

Abin da ke cike wannan giɓi shi ne wata ƴar na’ura da masu aikin ke kira difaransiyal, mai miliampa 30. Aikinta awo ne: tana gwada wutar da ta fita ta waya ɗaya da wadda ta dawo ta ɗayar. In ta ga an samu ragi, ta san wani abu ya zube a hanya, sai ta yanke kafin ƙiftawar ido. Ko a ɗakin da babu waya ta uku tana aiki, sai dai a nan ba za ta yanke ba sai mutum ya taɓa wutar ta bi jikinsa, ya ji duka amma gajere. In akwai wayar ƙasa kuwa, tana yankewa tun kafin kowa ya kai hannu. Kada a ruɗe da babban dijonktar da ke kusa da kontar. Sau da yawa za ka ga an rubuta 500 mA a jikinsa, wannan kuwa ya ninka abin da zuciyar yaro ke iya ɗauka sau da yawa. Kuma daga kontar zuwa cikin gida, alhakin mai gida ne, ba na NIGELEC ba.

Kuɗi ba su isa a yi komai a lokaci guda ba, albashin malami dai kun san shi. Saboda haka muka jera aikin. Difaransiyal da sabon akwatin dijonktar suka fara, domin su ne suka rufe gidan duka. Sai sanduna biyu na mita biyu-biyu, aka kafa su nesa da juna a bayan makewayi inda ƙasa ba ta cika bushewa ba, aka haɗa su da wayar tagulla. Wani maƙwabci ya ba da shawarar a zuba gishiri da gawayi a ramin. Dattijon ya ce gishiri yana rage turjiya na ɗan lokaci, amma ruwa na wanke shi, kuma yana cin ƙarfen, gara a ƙara sanda. Daga nan aka ja sabuwar waya uku-uku mai kaurin 2,5 zuwa ɗakin kwanjelatar, da madafa, da wurin guga. Ba a fasa bango ba, cikin bututun roba da ake mannawa aka bi da ita. Ba ta yi kyan gani ba, Inna ma ta faɗa.

Rigimar gaske ta zo ne da ruwan farko. Difaransiyal ya yi ta yanke wuta cikin dare, ƙanƙara ta narke, aka yi asarar cinikin yini. Da safe babban yayanmu ya kira ni ya ce: “Kai Malam, wannan abin naka a cire shi. Shekara nawa muna zaune lafiya ba shi?” Na ce: “Yaya, a yi mini haƙuri zuwa la’asar, a bari a gano abin da yake gani.” Dattijon ya zo ya riƙa kashe layi ɗaya bayan ɗaya, har aka gano wayar fitilar zaure ce, wadda ta bi ƙarƙashin indararo, robarta ta tsage, ruwa na shiga, wutar na zuba cikin jiƙaƙƙen bango kusa da ƙofar ƙarfe da kowa ke turawa. Aka canza wayar, bai sake yankewa ba. Na san gidajen da aka cire na’urar a irin wannan rana, aka ce ta cika fitina.

Akwai wata matsala da ta fi damun mu mutanen kudu, daga Maraɗi zuwa Damagaram. Kayan wuta da yawa daga Najeriya suke shigowa, da kai irin na Ingila mai ƙafa uku masu kusurwa, wanda ba ya shiga piriz ɗinmu. Sai a sayi ɗan adaftar mai arha wanda ba ya ɗauke da ƙasa, ko a yanke kan a tura wayoyin tsirara a toshe da tsinken ashana. Duk wahalar da aka sha wajen kafa sanda ta tashi a banza ke nan. Maganin ba shi da tsada: a sa wa na’urar kai irin namu mai ramin tsinke, a haɗa koriyar wayar a wurinta. Ralonj ma a duba, da yawa suna da tsinke a waje amma waya biyu ce a ciki.

Abu biyu na roƙi mutanen gidan. Na farko, kada kowa ya taɓa waya don an ɗauke wuta, tunda ba ta sallama in za ta dawo, sai an sauke dijonktar tukuna. Na biyu, akwai ɗan maɓalli a jikin difaransiyal mai harafin T, a danna shi sau ɗaya a wata, in wuta ta yanke to yana da rai. Na ba ɗiyar yayana mai aji CM2 wannan aiki, ranar ɗaya ga wata, kuma ba ta taɓa mantawa ba, ita ce ma ke tuna mini.

A lakkwal ɗinmu na kai maganar gaban kwamitin iyaye, saboda ɗakin da aka ajiye kwamfutoci uku duk a kan ralonj ɗaya suke, piriz ɗin kuma mai rami biyu ne. An amince a fara da difaransiyal a wannan zango. A gida kuwa saura ɗakunan kwana huɗu da ɗakin Inna, mun sa su bayan kaka, in an sayar da wake.