Littattafan Ƙarƙashin Katifar Yaya

Ni ce 'yar aiken Yaya. Tun ina aji biyar na firamare take damƙa mini kuɗin haya, in bi lungun bayan gidanmu a Unguwar Kanawa zuwa shagon mai hayar littattafai, in karɓo mata na ɗaya da na biyu, in cusa cikin hijabi in dawo kamar ba komai. Umma ba ta son ganinsu. A wurinta littafin soyayya shi ke sa yarinya ta raina mijin da aka zaɓa mata. Don haka ƙarƙashin katifa suke kwana, ni kuma in saci karatu idan Yaya ta tafi Islamiyya.

Na farko da na kai ƙarshensa shi ne In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. Ranar da Sumayya ta faɗa rijiya saboda an hana ta Muhammad, talakan da take so, na yi kuka har Umma ta zaci zazzaɓi ne.

Da na shiga jami'a na fara karatun adabin Turanci, sai na soma jin kunyar waɗannan littattafai. Idan hira ta biyo kan adabin kasuwar Kano aka yi dariya, da ni ake yi, kamar ban taɓa ɓoye ko ɗaya a hijabi ba. Na ɗauka soyayya ta gaske tana can wata duniya, na bi ta da nema a ɗakin karatu da cikin waya. Na karanta Romeo da Juliet, waɗanda gabar gidajensu ta ci. Na karanta labarin Laila da Majnun, wanda Nizami ya tsara da Farisanci a 1188: mahaifin Laila ya hana Ƙais ita, aka aurar da ita ga wani, Ƙais ya bi daji. Na ce ashe rijiyar Sumayya ba mu kaɗai muka haƙa ta ba.

Amma wanda ya hana ni barci shi ne Pride and Prejudice na Jane Austen, da ya fito a Ingila a 1813. Kowa a aji zancen Elizabeth da Darcy yake yi. Ni ƙawar Elizabeth ce ta tsaya mini a rai, Charlotte Lucas. Shekararta 27, ba kyau na a zo a gani, ba dukiya, ga ƙanne na jiran ta matsa. Sai ta amsa wa Collins, wani limamin coci mai shegen surutu da Elizabeth ta ƙi kwana kaɗan kafin nan. Ba ta ce tana son sa ba, gida take nema. Bayan auren ma dabara ta yi: ta riƙa ƙarfafa masa aikin lambu don ya daɗe a waje, ta zaɓi ɗakin baya ta mai da shi wurin zamanta. Elizabeth ta ji haushinta, ta ga kamar ta sayar da kanta.

Nan na rufe littafin, domin ni ce Elizabeth ɗin.

Yaya ta yi saurayi malamin makarantar kuɗi. Baba ya ce ya turo, shekara biyu ba hali, albashin ko hayar ɗaki bai isa ba. Ita kuwa duk bikin da muka je sai wata gwaggo ta ce, "Ke kuma sai yaushe?" Tana shekara 26 ta auri wani ɗan kasuwa a Kawo, mai mata ɗaya. Daren kai amarya, ana ta guɗa, na raɗa mata a kunne, "Duk karatun nan na banza ne ke nan?" Ba ta ce uffan ba. Na fi shekara ban taka gidanta ni kaɗai ba.

Asabar ɗin da na gama littafin na hau keke napep zuwa Kawo. Ban iya buɗe baki na ba da haƙuri ba, sai na ba ta labarin Charlotte tana yankan alayyahu.

"Ita marubuciyar ta ce ta yi nadama?"

"Ba ta ce ba, Yaya."

"To."

Ta wanke hannu ta shiga ɗaki, ta ɗaga katifa. Har yanzu nan take ajiyarsu! Ta miƙo mini Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, bangon duk ya yage. "Ke na kuka kawai kika riƙa sata. Wannan ba ki taɓa shi ba." Gaskiya ce. Labarin Rabi ne, mai 'ya'ya tara, da miji ya kora saboda amarya, ta kama sayar da abinci ta riƙe 'ya'yanta. Da na karanta sai na tuna Ramatoulaye ta Mariama Bâ ta Senegal, wadda ke rubuta wa ƙawarta wasiƙa tana cikin takaba, bayan mijinta ya yi mata kishiya da ƙawar 'yarsu. Ita mun karanta ta a aji da girmamawa. Daga baya na gano Aliyu Kamal ya fassara littafin Balaraba zuwa Turanci, an buga shi a Indiya a 2012. Da na gaya wa Yaya, dariya ta yi: "Mu muna kallon finafinansu, su suna karanta Rabi!"

Shagon hayar nan yanzu cajin waya ake yi a cikinsa, Yaya ma a WhatsApp take bin sababbin labarai. Amma ta ce tana son jin na Charlotte tun daga farko, don haka duk Asabar nakan je in riƙa fassara mata babi biyu ko uku kafin la'asar. Maganar daren kai amarya har yau ba wanda ya tayar. Mun kai babi na 19, inda Collins ke neman auren Elizabeth, Yaya ta ce wai bai kai mijin wata ƙawarta surutu ba.