Rumbu Da Gari A Ƙasar Birnin Gwari

 A wannan mako za mu nufi yammacin Jihar Kaduna, watau ƙasar Birnin Gwari, domin mu duba yadda ake adana hatsi da sarrafa shi a can, da abin da addini da binciken masana suka koyar a kan haka.

Wanda ya tashi daga Kaduna ya bi ta Buruku da Udawa zai yi tafiyar kimanin kilomita 120 kafin ya isa Birnin Gwari. Wannan ita ce tsohuwar hanyar Ikko wadda ta wuce ta Tegina da Makwa da Jebba, kuma daga garin wata hanya ta yi arewa zuwa Funtuwa. Ƙasar ta yi iyaka da jihohi uku, Neja da Zamfara da Katsina, kuma Hausawa da Fulani da Gwarawa da Kamukawa sun daɗe suna zaune a cikinta. Daga cikin garuruwanta akwai Kuyallo da Dogon Dawa da Damari da Randagi da Kakangi. Kusa da garin dajin Kamuku yake, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 1,120. Hukumar En'e ce ta keɓe shi a 1936, Gwamnatin Tarayya kuma ta mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1999. Doka da maje da taura da kaɗanya da ɗorawa su ne itatuwan da ido zai fi cin karo da su, dajin kuwa ya haɗe da na Kuyambana a gefen Zamfara.

Allah Ya albarkaci wannan ƙasa da ruwan sama fiye da na Katsina da Sakkwato, ga ƙasar noma mai kauri, saboda haka masara da dawa da shinkafa da waken soya suna yi ƙwarai. Amma yawan ruwan yana tare da tasa jarrabawa, domin masara takan nuna tun damina ba ta ɗauke ba, manomi ya kwashe ta ƙwayar tana da laima, ga sama a lulluɓe, ba ranar da za ta busar da ita.

A ƙauyukan bakin hanya har yanzu matafiyi zai ga rumbunan laka, an ɗora su a kan duwatsu, an yi musu hular jinka. Duwatsun suna raba rumbu da danshin ƙasa da gara, suna kuma bari iska ta ratsa ta ƙarƙashi. Laka tana hana zafin rana shiga, jinka tana kare ruwa. Mafi muhimmanci shi ne, mutanen da ba su sussuke hatsin ajiya. Dawa da gero a dami ake zuba su, masara kuma da ɓawonta, sai uwargida ta buƙaci na 'yan kwanaki sannan a ɗebo a sussuka. Duk mai karatun Alƙur'ani zai tuna cewa wannan ita ce shawarar da Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya ba mutanen Masar a aya ta 47 ta surar da ke ɗauke da sunansa, inda ya ce su bar abin da suka girbe a cikin zangarniyarsa, ban da ɗan abin da za su ci. Masu tafsiri sun bayyana cewa hikimar ita ce kare ƙwaya daga ƙwari da ɓaci. Masana aikin gona kuma sun ƙara da cewa iska ta fi ratsa dami a kan buhu, shi ya sa hatsin yake ci gaba da bushewa yana cikin rumbu.

To, amma rumbu ɗan zaman lafiya ne. Ba wanda ya jahilci abin da ya sami wannan ƙasa daga 'yan bindigar da suka yi sansani a daji. Harin Dogon Dawa na 2012 da na Gwaska na 2018 suna cikin waɗanda duniya ta ji, kuma Mai Martaba Sarkin Birnin Gwari, Malam Zubairu Jibril Mai Gwari na II, ya sha kai kukan talakawansa ga hukuma. An kai ga manomi sai ya biya kuɗi kafin a bar shi ya girbe abin da ya noma da guminsa. A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari aka ƙulla sulhu, aka sake buɗe kasuwar kara bayan ta yi shekaru a rufe. Muna roƙon Allah Ya zaunar da ƙasar lafiya.

Shekarun tsoro sun canza yadda ake ajiya. Wani dattijon manomi da muka zauna da shi a gindin ɗorawa ya ce da ni: "Allah gafarta Malam, wa zai cika rumbu alhali bai san ko zai kwana a garin ba? Muna karya masara sai inji, sai buhu, sai mota." Na ce, "Baba, ana jira ta bushe kuwa?" Ya girgiza kai ya ce jira na mai kwanciyar hankali ne. Daga nan asara biyu take fitowa. Ko dai a sayar da kaka lokacin da farashi ya faɗi, a dawo da bazara ana aunawa da tsada, ko kuwa a jibge buhuna masu laima a ɗaki a cikin gari, su yi zafi su yi hunhuna.

Wannan hunhuna ba abin wasa ba ce. Akwai irin da takan kama masara da gyaɗa, ta bar wani dafi da masana ke kira afulatokzin, wanda dafuwa ba ta kawar da shi. Yawan cinsa yana kawo sankarar hanta, yana kuma tauye girman yara. A ƙasar Kenya a 2004 mutane 125 suka mutu saboda cin irin wannan masara. Ƙa'idar masana ita ce kada a ɗura masara a buhu sai laimarta ta sauka zuwa kashi 13 cikin 100. Wanda ba shi da ma'auni yana iya gwadawa da haƙori, domin busasshiyar ƙwaya fashewa take yi da ƙara. Ko kuwa ya zuba ƙwayar da busasshen gishiri a cikin busasshiyar kwalba, ya toshe, ya girgiza, ya ajiye na ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, to, da sauran shanya. A yi shanya a kan tamfol ko daɓe, a tsince ruɓaɓɓu da masu launin kore, a ɗora buhuna a kan katako, kada su taɓa ƙasa ko bango.

Sai maganar ƙwaron hatsi. Wasu sun ɗauki al'adar yayyafa fiya-fiya a kan abin da mutane za su ci. Irin wannan magani ne ya sa ƙasashen Tarayyar Turai suka hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015. Abin da baƙo ya ƙi karɓa don tsoron lafiyarsa, yaya Musulmi zai auna wa ɗan'uwansa shi a mudu ya yi shiru? Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannunsa a cikin tarin abinci a kasuwa ya ji laima an ɓoye a ƙasa, ya tsawata wa mai shi, ya kuma barranta daga mai algus. Ɓoye laima da ɓoye guba duk algus ne. Alhali kuwa ga hanya mai tsabta. Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da buhun PICS, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007. Leda biyu ne masu kauri a cikin buhu na uku, a ɗaure kowanne dabam. Iskar da ke ciki takan ƙare, ƙwaron ya mutu ba tare da magani ba. Duro ko jarka mai murfi sosai ma tana wannan aiki, in an cika ta maƙil da busasshen hatsi.

Yanzu mu bar rumbu mu shiga tsakar gida, inda turmi da rariya suke. Kowace ƙwayar hatsi kashi uku ce. Akwai fatar waje wadda ke zama dusa, akwai ido wanda tsiro ke fitowa daga gare shi, sannan akwai farin ciki wanda akasarinsa sitaci ne. Mai da bitamin da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da abin da ke taimakon hanji sun fi taruwa a dusa da ido. Idan aka yi surfe mai tsanani, aka wanke, aka niƙa, aka tankaɗe, tuwon masara zai fito fari sol, amma rabo mai kyau na amfaninsa ya tafi ga awaki da kaji. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Eijkman, ya lura a tsibirin Jawa a shekarun 1890 cewa kajin da ake ba farar shinkafa suna kamuwa da ciwon shanyewar ƙafa, suna kuma warkewa in an mayar musu da dusar. Wannan bincike na cikin abin da ya kai ga gano bitamin.

A nan ma sunna tana da abin cewa. A cikin Sahihul Buhari an tambayi Sahlu ɗan Sa'adu, Allah Ya yarda da shi, ko Annabi ya ci burodin tataccen gari. Ya amsa cewa Annabi bai ga irin wannan gari ba har Allah Ya karɓi ransa, kuma ba su da rariya. Sha'ir sukan niƙa su hure, abin da ya tashi ya tashi, sauran su kwaɓa su ci. Malamai ba su ce tankaɗe haramun ne ba, kuma ba ma cewa haka. Abin da muke cewa shi ne, garin da ya ciyar da mafificin halitta bai kamata a raina shi a ce abincin talaka ne ba.

Sai dai matanmu suna da hujjarsu a kan surfe, kuma wajibi ne a fahimce ta. Man da ke cikin idon ƙwaya a rufe yake muddin ƙwayar tana ɗungum. Da zarar an niƙa, iska ta same shi, sai ya fara lalacewa, garin ya yi ɗaci da wari. Gero ya fi dawa da masara saurin haka saboda yawan mansa, cikin 'yan kwanaki yakan juya. Saboda haka ƙa'idar ita ce a adana ƙwaya, a riƙa niƙa na 'yan kwanaki kawai. In an dawo daga inji gari yana da zafi, a baza shi a faifai ko tabarma ya huce ya bushe kafin a rufe shi a mazubi mai murfi, a ajiye wuri mai sanyi nesa da murhu. A sani kuma cewa dafin hunhuna ya fi zama a dusa da ido, don haka cin hatsi da dusarsa sai ga wanda ya tabbatar da tsabtar hatsinsa. In akwai shakka, tsincewa da wanki da surfe sun fi aminci.

Game da gashi kuwa, alkama ce kaɗai a cikin hatsinmu take da isasshen danƙon da ke riƙe iskar yis har kwaɓi ya kumbura. Shi ya sa gurasar Kano da ake mannawa a tanderu take tashi, funkaso da alkaki kuma suke ɗaurewa. Dawa da gero da masara ba su da wannan danƙo, don haka kakanninmu suka bi da su ta hanyar ƙullu mai tsami, suka zuba a tanda aka sami waina. Jiƙo da tsami suna kuma sa jiki ya fi samun sinadarin ƙarfen da ke cikin hatsi. Lokacin da gwamnati ta hana shigo da alkama daga 1987 zuwa 1992, masu gidajen burodi sun gwada gauraya fulawa da garin hatsin gida, suka ga in garin gida ya yi yawa burodin yakan yi nauyi ya ƙi tashi. Mai son yin gurasa da alkamar da ba a raba ta da dusarta ba, sai ya ƙara ruwa fiye da na fulawa, ya bar kwaɓin ya huta kamar rabin sa'a dusar ta sha ruwa kafin ya murza, kada kuma ya bar shi ya wuce lokacin tashi, domin ya fi fulawa saurin tsami.

Saura haƙƙin Allah a cikin rumbu. Nisabin zakkar hatsi wusƙi 5 ne, watau sa'i 300, ko mudun Annabi 1,200, wanda malaman zamani da dama suka ƙiyasta da kimanin kilo 650. Ana lissafi bayan an busar an sheƙe. Abin da ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya cikin goma, wanda aka shayar da wahala kuwa ɗaya cikin ashirin. Ibnu Abi Zaidin ya bayyana a cikin Risala cewa shinkafa da gero da dawa kowanne jinsi ne dabam, ba a haɗa su don cika nisabi. Ajiyar abincin shekara ga iyali halal ce, domin ya tabbata Annabi ya yi wa iyalansa. Manomin da ya riƙe abin da ya noma har farashi ya gyaru bai yi laifi ba. Abin zargi shi ne attajiri ya kwashe hatsin kasuwa lokacin ƙunci ya kulle don jama'a su galabaita. A ƙasar da marayu da zawarawa da 'yan gudun hijira suka yi yawa kamar Birnin Gwari, masu karɓar zakka suna nan a ƙofar gida, kuma ba ya halatta a zaɓo musu ruɓaɓɓen buhu.

Muna kira ga limamai su riƙa tunatar da wannan a huɗubobin kaka, ga malaman gona su kai ma'aunin laima da buhun ajiya ƙauyuka, ga hukuma kuma ta tsare hanya da gona, domin manomi ya sami natsuwar jiran hatsinsa ya bushe. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar da waɗanda suka yi hijira gidajensu, Ya sa albarka a rumbunanmu.