Montiriyal: Birnin da Zakaru Ke Tuɓe Zobe Kafin Su Taka Ƙanƙara

Birnin Montiriyal yana zaune ne bisa wani tsibiri a cikin kogin San Loran, a lardin Kubek na ƙasar Kanada, akasarin mutanensa kuwa Faransanci suke yi. A watan Janairu sanyi kan kai mataki 10 ƙasa da sifili, ƙanƙara ta rufe titi da rufin soro. Cikin wannan ɗari ne wasan ƙwallon gora na kan ƙanƙara ya girma, domin a nan aka yi karon farko a cikin zaure bisa tsari, ran 3 ga Maris 1875.

Baƙon da ya bi ayarin jama'a zuwa Bell Centre, gidan ƙungiyar Canadiens tun 1996, mai ɗaukar mutum wajen 21,000, zai tarar da 'yan kallo sun ci ado, agogo da zobba sai walƙiya. Amma in ya dubi 'yan wasa, attajirai ne fa, da wuya ya hangi agogo a hannun ko ɗaya. Lokaci dai na babban allon da ke rataye a tsakiyar zauren ne, zagaye uku, kowanne minti 20.

Dalili ba boyayye ba ne. Abin da ake bugawa faifan roba ne mai tauri, nauyinsa kamar giram 170, daskarar da shi ma ake yi kafin wasa. A 2012 an auna bugun Zdeno Chara ya kai kilomita 175 a awa. Tsakanin safar hannu da matarin gwiwar hannu akwai ɗan fili, nan kuwa sanda da faifai kan sami mutum. In agogo na wurin, sai ya tarwatse, gilashi da ƙarfe su shige cikin nama.

Ga kuma dambe. A babbar gasar NHL, wadda aka kafa a birnin nan a 1917, mutum biyu kan yar da safar hannu su naushi juna, alƙali ya kai kowa benci na minti 5. To, amma wanda ya ɗaura wani abu a hannu har ya yanki abokin karawarsa, doka ta ce korarsa za a yi daga wasan. Zobe a irin wannan wuri ai ƙaho ne na ɗan dambe.

Sarƙar wuya ita ce ake ɗan ɗaga wa ƙafa, 'yan wasa da dama kan ɓoye ta ƙarƙashin riga. Sai dai batun wuya ya daina zama abin wasa tun Oktoban 2023, sa'ad da kaifin takalmin wani ya yanki maƙogwaron Adam Johnson a Shefil ta Ingila, ya rasu. Bayan haka hukumar wasan ta duniya ta wajabta sanya makarin wuya a gasanninta.

Na'urar auna jiki kuwa ba a kore ta ba, mazauni aka sake mata. Wajen atisaye akan ɗaura maɗaurin auna bugun zuciya a ƙirji, ƙarƙashin sulke. Daga kakar 2021 zuwa 2022 NHL ta sa wata 'yar na'ura a bayan rigar kowane ɗan wasa, da wata a cikin faifan, kyamarori daga rufi suna bin su suna ƙididdige gudu da nisan tafiya. Masu horo sun ji daɗi. Ɗan wasan da shekaru suka fara cim masa kuwa yana da dalilin tsarguwa, tun da alƙaluman da ke nuna ƙafarsa ta yi nauyi suna iya rage masa daraja ranar sabunta kwantiragi.

Abin mamaki, wasan da ya tsani zobe a fili shi ne kuma ke sāka wa zakarunsa da zobe. Ƙungiyar da ta ci Kofin Stanley, wanda aka fara bayarwa a 1893, takan ƙera wa 'yan wasanta zobba manya masu lu'ulu'u, waɗanda ko cikin safar hannu ba su shiga da daɗi. Canadiens ta ɗauki kofin sau 24, fiye da kowa, marigayi Henri Richard shi kaɗai yana da hannu a 11. Tutocin nasarorin suna nan reto a rufin Bell Centre, ta baya-bayan nan ɗauke da shekarar 1993.