Aron Baki

Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Akwai wuri guda da wannan magana ba ta cika aiki ba, wato zauren kotu. A can, mai magana yakan zauna a benci ya yi shiru, wani da ya ɗauka haya ya miƙe cikin baƙar riga ya faɗi damuwarsa a madadinsa, da harshen da shi mai damuwar ba ya ji. Duk wanda ya ɗauki lauya ya ari baki ne, kuma darajar bakin aro tana ga yadda ya saurari mai shi kafin ya buɗe.

Mahaifinmu ya rasu a 2019, ya bar mana gida a Unguwar Dosa da wani fuloti a Kawo. Rabon gado bai ba mu wahala ba. A kotun shari'ar Musulunci aka yi shi, da Hausa, Umma ta yi bayani da bakinta, alƙali ya yi mata tambayoyi ta amsa. A farkon 2020, ina aji biyu a Jami'ar Jihar Kaduna, sai ga sammaci: wani mutum ya kai ƙara Babbar Kotu yana cewa marigayin ya sayar masa da fulotin tun yana raye, har da takardar ciniki. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba Babbar Kotu kaɗai ikon sauraron rikici a kan filin birni mai takardar shaidar mallaka daga gwamna. Harshen wannan kotu kuwa Turanci ne. Ke nan matar da ta tsaya da ƙafarta a wancan zaure ta wayi gari tana bukatar wanda zai yi magana a madadinta a wannan.

Lauyanmu na farko wani ɗan'uwa ne ya haɗa mu da shi. Mutum ne mai fara'a da saurin magana. Ya duba takardun cikin 'yan mintoci, ya ce, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki, wannan ƙaramin aiki ne." Ya faɗi kuɗinsa da baki, aka biya rabi, ba rasit, ba yarjejeniya a rubuce. Daga nan duk ranar zama sai an ba da kuɗin zuwa kotu, ko an yi shari'ar ko an ɗage. Sau da yawa ma wani ƙaramin lauya yake turowa, wanda sai a bakin ƙofa yake buɗe fayil ɗin.

Ba dukan jinkirin ne ya fito daga gare shi ba. Kullen korona ya tsayar da al'amura a Kaduna daga Maris na 2020. A 2021 ma'aikatan shari'a na ƙasa suka shiga yajin aiki daga 6 ga Afrilu, kotuna suka kasance a rufe fiye da wata biyu. Ga kuma hutun shekara da manyan kotuna kan tafi a tsakiyar damina. Umma ta iya haƙuri da duk wannan. Abin da ya fi ci mata rai shi ne fitowa daga zaure ba ta san abin da aka yi ba. Takan tambaye shi, "Barista, me alƙali ya ce?" Amsar kullum ɗaya ce: "An ɗage, Hajiya." A cikin Keke Napep, kan hanyarmu daga titin Bida zuwa gida, sai ta juyo gare ni, ni da nake karatun boko, in fassara mata. Turancin da na koya a aji daban, na kotu daban, cike yake da kalmomin Latin da lambobin sassan doka. Ina jin kalmomin, amma ma'anarsu ga fulotinmu sai mai sana'ar.

A ƙa'idar Babbar Kotu, shaida ba ya fara ba da labarinsa da baki. Lauya ne yake rubuta bayaninsa tun da wuri, ya yi rantsuwa a kai, ranar zama ya amince cewa nasa ne, sannan lauyan ɗaya ɓangaren ya yi masa tambayoyi. Saboda haka abin da lauya bai tambaya ba a ofishinsa, da wuya kotu ta ji shi. Bayanin Umma shafi biyu ne, an rubuta shi ba tare da an zauna da ita ko na rabin sa'a ba.

A ƙarshen 2021 iyali suka yanke shawarar sauya lauya. Shi ma wannan aiki ne: sai an sanar da kotu a rubuce, kuma tsohon lauya yana iya riƙe fayil har sai an biya shi abin da yake bi. Muka biya, muka karɓa.

Ta biyun mace ce, ofishinta ɗaki ɗaya ne a saman wani bene. Kuɗinta bai fi na farko sauƙi ba, amma ta rubuta shi, ta bayyana abin da ya ƙunsa da abin da bai ƙunsa ba, ta ba da rasit. Ba ta yi alkawarin nasara ba. Ta ce, "Mama, shari'a mace ce da ciki, ba wanda ya san abin da za ta haifa. Amma ki ba ni labarin tun daga farko." Ta kwashe kusan sa'a biyu tana sauraro. Sannan ta karanta mata takardar cinikin layi-layi da Hausa, ta nuna mata inda aka ce marigayin ya dangwala yatsa. Umma ta ce, "Malam bai taɓa dangwale ba. Da ajami yake rubuta sunansa." Shekara talatin yana kasuwanci a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, littattafan bashinsa suna nan a akwati, kowane shafi da sa hannunsa. Hujjar tana gidanmu kusan shekara biyu, ba wanda ya tambaya. Lauyar ta nemi izinin kotu ta shigar da ƙarin bayani da littattafan. A 2023 ɗaya ɓangaren ya nemi sulhu, ya janye da'awarsa, kotu ta mayar da sulhun hukunci.

Tun daga lokacin nake lura da yadda mutanen unguwarmu suke zuwa wurin lauya kamar masu neman alfarma, alhali haƙƙinsu suke saye. Doka ta tanadi cewa lauya ba zai kai wanda ya ɗauke shi ƙara a kan kuɗin aiki ba sai ya ba shi lissafi a rubuce, wata guda ya wuce. Tun 2015 takardun da lauya ya shirya suke ɗauke da hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Nijeriya mai sunansa, abin da ke taimakawa wajen gane na gaskiya da na bogi. Akwai kwamitin ladabtarwa da ke sauraron ƙorafi a kan lauyoyi, har yana iya soke sunan mai laifi. Ga wanda ba shi da hali kuma, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a da aka kafa a 1976. Dukan waɗannan a rubuce suke da Turanci, kuma wanda ya fi bukatarsu shi ne ya fi nisa da su.

Lauya ya san doka, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shari'a tana tsayuwa ne idan sanin biyun ya haɗu, kuma ba ya haɗuwa sai da harshen da dukansu suke ji. Wanda zai ɗauki lauya yana da ikon tambayar nawa ne, na mene ne, da abin da aka yi a zaman yau, a kuma amsa masa har ya gane. Lauyan da ya ga wannan tambaya raini ce, bai cancanci a ba shi amanar gida ko gona ba, komai kyawun rigarsa.