Benen da Ban Tambaya Ba

Unguwar Sultanahmet ta birnin Santambul cike take da ƙananan otal-otal, yawancinsu tsofaffin gidaje ne sirara da aka gyara aka zuba musu gadaje. Wanda ya dube su a taswira zai ce faɗuwa ta zo daidai da zama: ga Ayasofiya da aka gama ginawa a 537, ga Masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida, ga fadar Topkapi, duk a kewaye ɗaya. A cikin irin waɗannan na kama mana masauki ni da mahaifiyata, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Hajiya ba kallon gine-gine ya kai ta ba. Burinta ta ga kayan da ake dangantawa ga Manzon Allah (SAW) a Topkapi, waɗanda aka kawo bayan Sultan Salim ya ci Masar a 1517, ta kuma ziyarci kabarin sahabi Abu Ayyubal Ansari. Ni kuwa kuɗin ɗaki na duba, da hotuna, da rubutun da ya ce tafiyar minti biyar ce zuwa masallaci. Na san tana fama da gwiwa, don ni nake saya mata magani. Duk da haka ban tambayi masu otal ko akwai lifta ba, ita ma ban nemi shawararta ba. Da ƙafafuna na auna komai.

Babu lifta. Ɗakunanmu suna hawa na uku, matakalar a murɗe take, mutum biyu ba sa giftawa. A can rufin bene ake karin kumallo, inda ake hango tekun Marmara, kuma wannan hoton ne ya ja ni tun farko. Minti biyar ɗin ma gaskiya ne, sai dai otal ɗin a gangare yake, duk fita hawan tudu ce a kan duwatsun da aka shimfiɗa.

Ko uffan ba ta ce ba. Ni ɗan fari ne, sunana ma ba ta kira, balle ta kawo mini kuka. Da safe sai ta ce, "Je ka karya, ba na jin yunwa." Ni kuwa na yarda, saboda yardar ta fi mini sauƙi. Ina sama ina shan shayi da burodi da cuku da zaitun, ina ɗaukar hoton jiragen ruwa.

Yaron da ke hidima a otal ɗin ya riga ni ganewa. Na ci karo da shi a matakala ɗauke da tire, ya nuna ƙofar ɗakinta, ya dafa gwiwarsa, ya girgiza kai. Da na shiga na tarar tana sallar walha a zaune a bakin gado, gwiwar ta kumbura, ga ledar dambun naman da ta zo da shi daga gida a buɗe. Ashe da shi take karyawa.

Na durƙusa na ce, "Hajiya, ku yafe mini, laifina ne." Ta ce, "Ba komai, ai ka yi ƙoƙari. Allah ya yi maka albarka." Da faɗa ta yi mini, da na fi samun sauƙi.

Masu otal ba su yaudare ni ba. Abin da ban tambaya ba ne ba su faɗa ba. Da aka samu ɗaki a ƙasa, nan take suka mayar da ita can. Tun daga nan, kafin in biya kuɗin masauki saboda babba, sai na ji hawa na nawa ne, ina ake cin abinci, ko mota na iya tsayawa a bakin ƙofa. Kuma in Hajiya ta ce ba komai, sai na duba da idona.

Mun je wajen Abu Ayyub a tasi, mun kuma shiga Topkapi a hankali, muna tafe muna hutawa. Amma Juma'ar da ta so ta sallata a Ayasofiya, wadda aka mayar masallaci a 2020, a ɗaki ta wuce ta, ƙafa a kan matashi, kuma ba mu sake samun wata ba kafin mu taso.